A Gyara Min Albashi

Sau uku Uwar Guga ta hau matakalar ofishin Manaja kafin azahar, sau uku sakatariya tana ce mata yana kan waya. A na huɗu ta ƙi sauka. Ta zauna a bencin baranda, ta tashi, ta sake zama, jakarta a cinya, yatsunta suna ta wasa da zif ɗin.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana aiki a ɗakin wankin otel ɗin, can ƙasa kusa da tukunyar ruwan zafi, inda zannuwan gado ke shigowa a cukuikuye su fita a ninke. Wata uku da suka wuce aka ba ta shugabancin masu guga, aka ɗan taɓa albashinta. Tun daga ranar ba ta sake wucewa ta gaban masu wanki ba tare da wani ya ce, "Hajiya, a tuna da mu" ba. Ƙaninta ma ya bugo waya yana dariya: "Yaya, ai yanzu kin shiga sahun manya."

Kallon kitse ake wa rogo. Kuɗin mota ya tashi sau biyu a watannin nan, gas ya bi sahu, maganin gwiwar Inna kuwa yanzu rabin kwali take saye da kuɗin kwali guda. Abin da aka ƙara mata, tun a hanya yake ƙarewa.

Duk wannan ba shi ya hana ta zama ba. Takardar da ke cikin jakar ce.

Gidan da suke haya na wata ƙungiyar taimako ne. Ɗaki biyu ne a ƙasa, babu matakala, Inna na dafa bango ta fito bakin ƙofa ta sha iska, makarantar 'ya'yanta mata biyu kuma tsallake titi ce kawai. Takardar ta ce ko dai ta kawo sabuwar shaidar albashi da ta dace da sharaɗinsu zuwa ranar Alhamis, ko ta ba su makullinsu a ƙarshen wata. Yau Laraba.

Ba wai ba ta nemi wani wurin ba. Ranar Asabar dillali ya yi ta yawo da ita har ƙafarta ta kumbura. Mafi arha da ya nuna mata ɗaki ɗaya ne a hawa na uku, haya fiye da rabin albashinta, ruwa kuma sai an saya. Ta tsaya a ƙasan benen tana ƙirga matakala da ido, tana tuna gwiwar Inna. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta.

Mako biyu ke nan tana ƙin karɓar aikin ƙarin lokaci. Abokan aiki suka ce ta ƙoshi. Ta je wurin akanta, tun kafin ta gama sallama ya ce maganar albashi ba a hannunsa take ba, ta rubuta wa Manaja. Ita ba mai dogon rubutu ba ce, ga kuma kunya, don takardar sai ta bi ta hannun mutum uku kafin ta isa. Layi ɗaya ta rubuta: "Ina roƙon a gyara min albashi, sauran bayani zan yi da baki."

Ƙofa ta buɗe. Manaja na tsaye, waya a kunne, jakar tafiya a kan tebur. Mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen magana ba.

"Uwar Guga, shigo. Na ga takardarki."

"Ranka ya daɗe, dama abin da nake so in ce…"

"Ba sai kin faɗa ba, ni ma kasuwar nan nake zuwa. Shekara goma sha ɗaya ko riga ɗaya ba ki taɓa ƙonawa ba. Na sa hannu tun safe, akanta ya shigar, ga shaidarki." Ya miƙa mata ambulan, ya saɓa jakarsa.

"Yallaɓai, don Allah minti ɗaya."

"Kada ki gode min, haƙƙinki ne. Jirgi zai bar ni, sai Litinin in Allah ya kai mu."

Ta bi shi har bakin matakala, bakinta a buɗe, shi kuwa ya riga ya koma kan wayarsa. Sakatariya ta leƙo tana murmushi. "Barka, Hajiya. Yau dai sai kin saya mana lemo."

Ta koma kan bencin. Ta buɗe ambulan ɗin Manaja ta duba, sannan ta zuge zif ta fito da takardar ƙungiyar, ta ɗora su gefe da gefe a cinyarta, ta sake karanta layin da ta riga ta haddace: gidajen nan na masu ƙaramin ƙarfi ne, albashinki ya wuce iyakarmu da dubu biyu.

Ragin dubu biyun nan ta zo roƙo, Manaja ya ƙara mata dubu ashirin.