Ranar Buɗe Gada

Tun da hantsi aka ɗaure manyan lasifikoki a turakun filin ƙwallo, irin waɗanda ko tari aka yi a cikinsu sai an ji a ƙarshen gari. Yau ake buɗe sabuwar gada, duk mai ƙafa zai je. Sajan, shugabar 'yan sandan garin, ita kaɗai ce ba ta murna.

Garin ƙarami ne, 'yan sandansa ko mota guda ba sa cikawa. Amma kwanan nan duk bikin da aka yi, ana can ana kiɗa a fili, ana nan ana fasa gida da rana tsaka. Ɓarayin ba sa lalube. Gidan da ba kowa suke faɗawa, sai ka ce ta rufi suke leƙawa.

Mai kemis aka fara yi wa. "Ina can ana yi mini maraba a lasifika har sau biyu, ina ta ɗaga hannu ni ga babban mutum," in ji shi, "ashe kwashe ni ake yi." Ranar an sha dariya a ofis.

Ranar yaye ɗalibai ba wanda ya yi dariya. Tsohon direban asibiti ya koma gida ɗauko maganinsa, ya tarar da su. A bakin ƙofar ɗakinsa aka same shi an rotsa masa kai. Matarsa magana ɗaya take ta nanatawa: an gama maimaita musu maraba ke nan ya tashi, ya ce yanzu zai dawo.

Sajan ta kama wani mai gyaran kwaɗon ƙofa don gari ya lafa. A ranta ta san ba shi ba ne, abin kuwa yana cin ta.

Da safen nan Kawu ya biyo ta gidanta. Ƙanin Inna ne, mahaifiyar Sajan, shi ke sanarwa a kowane biki, mutum mai bakin da ke sa marowaci kyauta.

"Yaya, yau kam sai kin fito," ya ce wa Inna. "Na kama miki kujera a gaba. Ki yafa koren mayafin nan don in hango ki, idon ba kamar da ba. Zinaren tsohuwarmu dai ki bar shi a akwati, filin cike yake da 'yan sane."

Inna ta yi dariya ta ce to. Sai dai yana fita gwiwarta ta motsa, ciwon nan da ba ya sallama. Ta ce ta fasa. Ta miƙa wa maƙwabciya mayafin, ta haɗa ta da jikoki, wai kada kujera ta tafi a banza.

"Inna, ki sa sakata," in ji Sajan tana ɗaura bel.

"Wane mai ƙarar kwana ne zai shiga gidan 'yar sanda? Je ki aikinki."

Sajan ta raba 'yan sandanta a ƙofofin masu hali. Ita kuma ta tsaya a bakin fili, ba gada take kallo ba, masu fita take kallo. Rana ta take. Ganguna suka ɗauka. Ba wanda ya fita sai wata mai goyo da ɗanta ya ishe ta da kuka. Tsoro ne fal cikinta, don ta tabbata wanda take nema yana nan cikin taron, wataƙila ma sun gaisa.

Kawu na bisa dandamali yana abin da ya saba. Maraba da shugaban makaranta, ya wuce. Maraba da mai gidan mai da iyalinsa, ya wuce. Ya kare ido da tafin hannu yana duba sahun gaba, sai fuskarsa ta washe.

"Maraba da gidan Sajan! Ga yayata can cikin kore, ga jikoki reras. Babu wanda ya rage a gida!"

Aka yi tafi. Maƙwabciya ta sunkuyar da kai cikin mayafin aro. Sajan ma sai da ta murmusa.

Murmushin bai bar fuskarta ba ta ji ya gyara murya. Tun safe ba wanda ya yi wa maraba fiye da sau ɗaya. Kawu ya matso da bakinsa, ya juya ya fuskanci gari, ya sake faɗa a hankali, yadda masu jira a can za su ji sarai: babu wanda ya rage a gida.