Daddawar Kaka a Cikin Jirgi

Babana matuƙin jirgin sama ne, a shekarun da kuɗin mai ya sa kowa hawa jirgi. Da ya rasu, abokan aikinsa biyu suka zo garinmu Pauwa gaisuwa, aka shigo da su tsakar gida wurin kakata, wadda take riƙona.

Akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Duk zuwan Baba sai Kaka ta ƙulle masa daddawa a tsumma, amma yaran gidanmu sun sha gaya mini cewa tun kafin ya kai Ƙanƙara yake wurgar da ita, wai mai zuwa Ingila kunyarmu yake ji.

Ana gama addu'a aka fara kaɗa miya. Babban cikin baƙin ya ɗaga hanci.

"Kyaftin ke nan!" in ji shi. "Inna, wallahi mun sha warin nan. Bayan kujerarsa yake ajiye ƙullin. Akwai ranar da wani Baturen injiniya ya yi ta haska ƙarƙashin kujeru yana neman mushen ɓera. Ɗanki ya ce masa kayan uwarsa ne, kuma ba mai sauke su."

Kaka ta rufe baki da mayafi. "Ashe shina ci?"

"Har rowa yake mana."

Ta yi dariya, karon farko tun rasuwar, ni kuwa na ji ƙirjina ya yi sakayau.

Yanzu 'ya'yana toshe hanci suke yi in na kwance daddawa. Ni kuwa sai in ƙara yawanta a miya.