Gawar Ƙofar Kasuwa

Ƙarar da aka ji ba ta wuce ta faɗuwar kwano ba, amma sai ga wani mutum ya zube warwas a gaban motar Madam Monica, daidai ƙofar Kasuwar Sabon Gari.

Kafin ta kashe mota, ƙarti biyu sun ɓullo daga ina oho, suna kururuwa an kashe musu ɗan'uwa. Kano kuwa ba a gayyatar 'yan kallo. Nan da nan 'yan adaidaita sahu suka toshe hanya, wani ya ɗauki dutse, wani ya fara cigiyar fetur.

Monica ta fito. Ta dubi wuyan mamacin, ta dubi cikinsa, ta buɗe baki za ta yi magana, ihu ya danne ta. Wa zai saurari wadda ta yi kisa? Tsoro ya kama ta sosai, don ta san abin da taron kasuwa ke iyawa idan ya fusata.

Sai ga wani dattijo ya ratso mutane, kwat ɗinsa ta zauna masa ɗas, jakar fata a hammata.

"Ku matsa! Ni ne Alhaji Musiliu, alƙalin binciken mutuwa na gwamnati. Babu mai taɓa gawar nan sai na gano abin da ya kashe ta."

Ya tsuguna, ya zaro tef daga aljihu, ya auna mamacin daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga wuya zuwa cibiya, cikin gwaninta kamar wanda ya shekara talatin yana yi. Ƙartin nan suka ce su dai a ba su wani abu su je su yi jana'iza. Ya ce ina! Doka ce, sai an feɗe shi, kuma da hannunsa zai yi, yanzu, tun jinin bai daskare ba.

"Ai likita ke yankan, alƙali hannu kawai yake sawa," in ji Monica a hankali.

Ya galla mata harara. Ya fito da wani shirgegen almakashi, ya yi ƙyas-ƙyas da shi kusa da kunnen mamacin, ya ɗage masa riga, ya ɗora bakin ƙarfen mai sanyi a kan cibiya.

"Bismillahi."

Wallahi ko akuya ba ta zabura haka. Gawa ta miƙe, ta tsallake teburin mai lemo, ta nausa cikin kasuwa ba takalmi, 'yan'uwanta na biye. Masu duwatsu suka zubar, aka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da aka watse, dattijon ya matso yana ƙyalƙyala dariya.

"'Yata, kada ki gaya wa kowa, ni tela ne a Fagge. Yaron nan wannan mutuwarsa ta uku ke nan a gabana. Sunan aikin ma a rediyo na ji. An ce mai kujerar wata mata ce mai zafin tsiya, da ta ji ni yau da sai gidan yari!"

Monica ta buɗe masa ƙofar mota, tana danne dariya.

"Shigo in rage maka hanya, Baba. Shekarata tara a kan kujerar, yau na fara ganin gawa ta gudu kafin in sa hannu."