Gadon Mai Jego

Tsohon ya hango hayaƙi yana fita ta tagar ɗakin da ya ba haya a bakin kogin Wudil, ginin da ya yi shekarar da soja suka koma bariki. Ya taho da niyyar kora.

"Baba, a yi haƙuri," in ji ɗan hayar. "Iyalina ta haihu, ga sanyi. Surukata ta gina mata gadon ƙasa, ana hura wuta ƙarƙashinsa."

Silin ya yi baƙi ƙirin. Mai jego ta fita wanka, sai tsohon ya durƙusa ya dafa gadon, ya daɗe a haka.

"A ƙara itace," ya ce.

Shi ma ya gina wa matarsa irinsa tun tana amarya. Har ta rasu ba a hura shi ba.