Wayar da Ta Tsallake Katanga

Kai da kake cewa aike ya isa gaisuwa, zauna in ba ka wani misali. An yi wani mai gyaran rediyo, gwani ne na gaske, wanda ya ɗaura doguwar eriya daga ƙololuwar rimin ƙofar gidansa har cikin zaure. Duk unguwar babu inda tashoshin gajeren zango ke fita tas kamar zauren nan. Maƙwabcinsa wani tsohon maɗinki ne, katanga ɗaya ta raba su. Shekara ashirin da ɗoriya, kullum aka idar da sallar asuba sai maɗinkin ya shigo da buzunsa su saurari labaran duniya, kuma kullum sai sun yi gardama, don kowa da tashar da ya yarda da ita. Mai gyara mutum ne mai gajen haƙuri. Ran nan ya ce ya gaji, zai yi wa abin magani. Ya ciro wani ɗan baƙin zobe daga cikin matacciyar rediyo, ya naɗa masa siririyar wayar tagulla, ya liƙe da dalma, ya rufe a gwangwanin madara. Waya ɗaya ke shiga daga eriya, biyu ke fita. Ya bar ɗaya a zaure, ɗayar ya tsallakar da ita katanga har ɗakin maɗinki, ya haɗa ta da rediyon tsohon, ya ce masa, "To Malam, kowa ya ji tasa, a huta." Maɗinki ya yi godiya a sanyaye, ya naɗe buzunsa ya fita.

Aiki kam ya yi kyau, ba shuu ba katsewa, mai gyara har yana kiran mutane su ga gwangwaninsa. Gardama ta ƙare, zama ma ya ƙare. Tun suna haɗuwa a masallaci har ya daina lura da ko tsohon ya zo sahu. In kewa ta taso masa sai ya kasa kunne, ya jiyo rediyon maƙwabci ta bayan katanga, ya ce ai yana nan lafiya. Wata safiya sai ya ji tashar da shi ya yarda da ita ce ke tashi daga can, da ƙarfi kuwa. Ya yi dariya har da buga cinya, a ransa ya ce tsoho ya dawo hanya, bari ya zo da ƙafarsa ya amsa an kayar da shi. Ya zauna yana jira, kwana tara. A na goma kuka ya jiyo, maɗinki ya rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta, 'yar mamacin ta durƙusa ta ce, "Baba, tun da ya kwanta kullum sai ya sa na kamo masa tasharka, ya ce in ƙara murya, ko za ka ji ka shigo ka yi masa tsiya."

Mai gyara ya miƙe. Ya koma zaure ya tsinke wayar da hannunsa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Taku goma ne tsakanin ƙofofinsu, shi kuwa ya ƙare basirarsa wajen hutar da ƙafa. Wannan nadama da ita ya tsufa. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: zumunci a ƙafa yake.