Hannun Jifa

"Da wane hannu take jifa?" in ji tsohuwar da ke rajistar yara a ƙungiyar wasan ƙwallon besbol ta unguwa.

"Dama mana," in ji uban yarinyar.

Satinsa biyu da dawowa garinsu San Pedro, bayan shekara bakwai yana wanke-wanke a gidajen abinci na New York. A hammatarsa akwai sabuwar safar hannu ta kama ƙwallo, ta masu jifa da dama, wadda sai da ya zaga kanti uku kafin ya zaɓo wa 'yarsa.

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau. "Bawan Allah, anya 'yarka ce? Duk unguwa babu gilashin da bahaguwar nan ba ta fasa ba."

Iyayen da ke layi suka kwashe da dariya.

Yarinyar ta riga ta ɗauki biro da hagu, za ta sa sunanta a takardar. Ta dubi safar, ta dubi ubanta.

"Iya, Baba ya ce dama. Ki rubuta dama."

Ta mayar da biron ɗaya hannun, ta zana sunanta a hankali. Haruffan suka fito a karkace, kamar rubutun 'yar shekara huɗun da ya tafi ya bari.