Burukutun Kan Dutse

A taron 'yan Filato da aka yi a garin Laurel na Amurka, Chuwang shugaban ƙungiya ya sha ƙwarya ɗaya ta burukutun Ngo Pauline ya ajiye, ya koma kan wata babbar kwalba da ya zo da ita. Sauran mazan suka bi sahunsa. Da aka watse, robar Ngo Pauline ta koma gida da fiye da rabi a ciki.

Hakan bai taɓa faruwa ba. Tun a Bukuru an san hannunta, kuma tun da 'ya'yanta suka kawo ta Amurka ita da mijinta Da Chollom, ba a yi suna ko biki babu burukutunta ba. A bayan gida take dafawa, a kan murhun gas. Da Chollom ke sayo dawa a shagon 'yan Afirka, shi ke ɗaga tukunya, shi ke juyawa idan bayanta ya riƙe. Iyakarsa ke nan. Ranar da ya ce wutar ta yi yawa, da muciya ta kore shi, bai ƙara sa baki ba.

Kwalbar daga wani gari ta fito, can kan duwatsun Virginia, inda ƙananan gidajen giya suka jeru a titi ɗaya, kowa da irin tasa. Wani baƙin Ba'amurke mai suna Jerome ne da gidan da ake yin wannan burukutun. Chuwang ya ce ranar Asabar Turawa har layi suke yi.

Ngo Pauline ta ɗanɗani ragowar na kwalbar a ɓoye. Tsamin ya zauna daidai, babu ƙaurin gindin tukunya, kuma a ƙarshen harshe ta ji acca. Haɗa acca da tsiron dawa a dafuwa ta biyu, wurin kakarta ta gada, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Jerome ina ya san acca? Dafa burukutu aikin mata ne, ko yaro ya sani. Lallai akwai mace a bayan wannan abu, kuma macen ta taɓa tsayawa kusa da tukunyarta.

Mace ɗaya ce ta taɓa tsayawa a wurin: Lyop, aminiyarta a zumuntar mata.

Ta daina gaishe ta. Ta sauya benci a coci. Lyop ta aiko da gwate, aka mayar mata da kwanon ko buɗewa ba a yi ba. Abin da ya fi ci wa Ngo Pauline rai ba satar ba ce. Na ɓarauniyar ya fi nata daɗi, kuma harshenta ya ƙi yi mata ƙarya.

Duk ranar da Da Chollom ya dawo daga aikin gadin da ke ɗauke shi tsakiyar mako, maganar ke nan.

"Maman Dung, ki bar maganar nan," in ji shi.

"Kai me ka sani? Sha kawai ka iya."

Sai ga labari: Chuwang zai aurar da 'yarsa, kuma daga kan dutse zai yi odar abin sha. Yarinyar da Ngo Pauline ta yi wa wanka tana jaririya, a ce za a yi bikinta da burukutun wata! In aka yi wannan biki babu ita, ta san sunanta ya mutu ke nan. Ta buga wa Chuwang waya ta ce sai an kai ta ta ga mai dafawar ido da ido, kuma dole Lyop ta shiga motar. Da Chollom ya ce kansa na ciwo. Ta ce ya sha magani, tana bukatar shaida.

Hanyar ta yi ta hawa tana lanƙwasa kamar ta Riyom, can Filato. Lyop tana share hawaye tana rantsuwa.

Gidan giyar tsohon sito ne aka gyara, da manyan tankunan ƙarfe a bayan gilashi. Jerome ya tarbe su da fara'a, ya ɗan yi turus, sannan ya nuna musu dogon teburi. Wani jan kare ya zo yana kaɗa wutsiya ya kwanta a ƙafar Da Chollom. Ngo Pauline ba ta lura ba, idonta na kan Lyop.

Jerome ya kawo burukutun a ƙwarya, kumfa na tashi, ya ajiye a gabanta. Ta tura ƙwaryar tsakiyar teburi da yatsa ɗaya.

"Chuwang, faɗa masa. A wurinmu baƙo ba ya sha sai hannun da ya dafa ya fara kurɓa, a tabbatar babu mugun abu a ciki. In ba zai kawo mai dafawa ba, to zan tashi in gaya wa Turawan nan cewa guba yake ba su."

Chuwang ya fassara yana gumi. Jerome ya sosa gemu, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wani abu a hankali.

Chuwang ya juyo: "Ya ce an roƙe shi ya rufe baki, Ngo. Amma al'ada al'ada ce."

Jerome ya ɗauki ƙwaryar. Ngo Pauline ta gyara ɗaurin kallabinta, ta juya kujerarta ta fuskanci Lyop, ta tanadi kalmomin da ta daɗe tana wasawa. Ƙwaryar ta wuce Chuwang. Ta wuce Lyop.

Da Chollom ya cire hularsa, ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, sannan ya miƙa wa matarsa.